Kada a banka wa ganyen rake wuta bayan sara

'Yan'uwa manoman rake, da ku fataken unguwannin Nima da Mamobi da Madina na birnin Accra masu sayen gona a tsaye ku kai 'yan sara, maganar nan taku ce baki ɗaya.

Makon jiya na zaga fadamar garin Asutsuare a bakin kogin Volta a Ghana, inda masana'antar sukari ta yi aiki kafin ta durƙushe a farkon shekarun 1980. Na tarar da gonaki biyu, kunya ɗaya ce ta raba su. Ta farko an tara ganyen bayan sara an ƙone. Ƙasar ta yi tauri kamar daɓe, ta tsattsage, iskar hunturu tana ta kwasar toka. Ta biyu mai ita ya bar ganyen a kwance. Da rana tsaka na cusa hannu ƙarƙashinsa, na ji sanyi da laima, har da tana na ɗago.

Wani dattijo ya ce mini, "Malam, ai toka taki ce." Na ce, "Baba, da gaskiyarka, akwai sinadarin taki na fotash a cikinta, in iska da ruwa sun bar maka. Amma naitirojin, wanda kake zuba kuɗi kana saye a buhun yuriya, hayaƙi yake bi." Ganyen da ya ruɓe a gona shi ne abincin tana da ƙananan halittun da ke sassauta ƙasa. Yana danne ciyawa, yana hana ruwan sama zaizaye kunya. A jihar Sao Paulo ta Brazil, cibiyar rake ta duniya, tun 2002 aka kafa dokar daina ƙona gonakin rake sannu a hankali.

Na san ana tsoron maciji, ga ƙaiƙayi, ga gaggawa. Ban raina ko ɗaya ba. Takalmin roba da riga mai dogon hannu sun fi wuta arha.

A wasa adda, a sare daidai da ƙasa. Zaƙin yana gindi, kuma gyauron da ya tsiro daga ƙarƙashin ƙasa ya fi kama saiwa. Inda ruwa ke kwanciya, a janye ganyen daga kan kututture zuwa cikin kwari, kada ya ruɓar da shi.

Ku kuma fatake, don Allah, in ƙasa na jiƙe ku tsayar da mota a bakin hanya a fito muku da kaya. Inda taya ta danne, ruwa ba ya shiga, saiwa ba ta ratsawa, kuma mai gonar zai jima yana fama da wurin.