Waiwaye: Yadda tarihin Poland ya dagula rabe-raben ranakun hutu a manhajar kalanda

Masu rubuta manhajar kalanda sun saba kasa ranaku gida uku: ranar hutu da doka ta ba kowa, ranar idi ta addini, da ranar da hukuma ke tunawa da ita amma a je aiki kamar kullum. Wannan rabo yana da sauƙi a faɗa, sai dai duk wanda ya zauna shigar da ranakun ƙasar Poland a cikinsa zai tarar cewa ranaku da yawa sun ƙi zama a gida ɗaya, kuma dalilin yana cikin tarihin ƙasar.

Tushen lamarin shi ne dokar ranakun hutu ta 18 ga Janairu 1951, wadda gwamnatin gurguzu ta kafa, kuma har yau ita ke aiki bayan gyare-gyare. Dokar ta fitar da 3 ga Mayu, ranar tunawa da kundin tsarin mulkin 1791, daga jerin hutu, ta kuma bar 22 ga Yuli, ranar da gwamnatin ta ɗauka a matsayin mafarin mulkinta tun 1944. Kafin nan, a 1945, an riga an soke bikin 'yancin kai na 11 ga Nuwamba, wanda aka mayar hutun ƙasa a 1937 kawai. A 1960 kuma aka cire idin Katolika guda biyu, wato 6 ga Janairu da 15 ga Agusta, alhali jama'a ba su daina zuwa coci a ranakun ba.

Da guguwar sauyin da ta kawo ƙarshen mulkin gurguzu ta kaɗa, sai aka shiga mayar da abin da aka kwashe ɗaya bayan ɗaya. A 1989 aka dawo da 15 ga Agusta da 11 ga Nuwamba, a 1990 aka dawo da 3 ga Mayu tare da soke 22 ga Yuli. Shi kuwa 6 ga Janairu, idin Sarakuna Uku kamar yadda mutanen ƙasar ke kiransa, sai da ya jira har 2011. Na baya-bayan nan shi ne jajiberin Kirsimeti, 24 ga Disamba, wanda ya zama hutu daga 2025, ya kai jerin zuwa ranaku 14. Akwai ma ranar da aka yi hutunta sau ɗaya tak, 12 ga Nuwamba 2018, don cikar shekara ɗari da samun 'yanci. Ke nan manhajar da ta rubuta cewa 6 ga Janairu hutu ne, ba tare da ta ɗaure maganar da shekara ba, za ta yi wa mai duba kalandar 1985 ƙarya.

Inda gizo ke saƙar shi ne ranakun da ke ɗauke da suna biyu. Ranar 15 ga Agusta idi ce ta ɗaukar Maryamu zuwa sama a wurin mabiya Katolika, kuma tun 1992 ita ce ranar sojojin ƙasar, don tunawa da yaƙin Warsaw na 1920. Haka 3 ga Mayu, wadda hukuma ke bikin tsarin mulki a cikinta, coci kuma na bikin Maryamu a matsayin Sarauniyar Poland. Idan manhaja ta yarda da lakabi ɗaya kacal ga kowace rana, to mai amfani da ita da ya ɓoye ranakun addini zai iya rasa ranar da ofisoshi ke rufe, wanda kuma ya ɓoye na hukuma zai rasa idinsa. A ganina kuskuren yana wurin haɗa tambayoyi biyu a wuri guda: shin ana aiki a ranar, sannan daga ina ranar ta samo asali. KHolidays, kundin ranakun hutu na ƙungiyar masu rubuta manhaja ta KDE, ya bi hanyar barin rana ɗaya ta ɗauki lakabi fiye da ɗaya, kuma irin wannan tsari ya fi dacewa da Poland.

Gida na uku, na ranakun tunawa, shi ne ya fi saurin cika. Ranar tuta, 2 ga Mayu, an kafa ta a 2004 kuma ba hutu ba ce, amma da yake ta faɗo tsakanin hutu biyu, na 1 ga Mayu da na 3 ga Mayu, mutane da yawa kan ɗauki izini su haɗe kwanakin, abin da suke kira majówka. Haka 1 ga Agusta ta boren Warsaw na 1944, da 31 ga Agusta ta ƙungiyar ƙwadago ta Solidarność: suna cikin doka, amma kasuwa na ci, ofis a buɗe.

Sauran wahalar ta lissafi ce. Ista tana yawo tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu, idin Katolika na Jikin Almasihu (Boże Ciało) kuma yana bin ta da kwana 60, don haka kullum Alhamis yake faɗowa. Dokar ƙwadago ta ce idan hutu ya faɗo Asabar sai a ba ma'aikaci wata rana a madadi, amma mai ɗaukar aiki ne ke zaɓen ranar, saboda haka babu manhajar da za ta iya sanin ta tun da wuri. Mabiya ɗariƙar Orthodox da ke yankin Podlasie suna Kirsimetinsu a 7 ga Janairu, Musulmin Tatar na ƙauyukan Bohoniki da Kruszyniany kuma suna bin watan Musulunci wajen sallolinsu. Doka ta ba su damar neman izinin barin aiki a ranakun idinsu bisa sharaɗin su rama lokacin, wato rana ce ta hutu ga mutum ɗaya a ofis, ranar aiki ga na kusa da shi.