Tausayin Mugu a Fim da Tatsuniya

Tausayin mugu shi ne karkatar zuciyar mai kallo ko mai sauraro zuwa ga wanda labari ya nuna a matsayin azzalumi, ko wanda halinsa ya gauraya, ba a ce masa na kirki ba, ba a kuma ce masa na banza ba. A bakin 'yan kallo Hausawa mugun fim shi ne bos, abokin karawarsa kuma jarumi.

Abin ya girmi sinima. Gizo na tatsuniya maƙaryaci ne, makwaɗaici, har matarsa Ƙoƙi bai ƙyale ba, amma shi yara ke so ya tsira, domin ƙaramin halitta ne da ke kayar da zaki da kura da wayo kaɗai. Finafinan Indiya suka zo da wani irin mugu. Gabbar Singh, rawar da Amjad Khan ya taka a Sholay a 1975, ba abin tausayi ba ne ko kaɗan. Kwarjininsa ne ya kama mutane.

A shekarun 1970 masanin sadarwa Dolf Zillmann ya bayyana cewa mai kallo alƙali ne: yana auna halin kowa, ya so alheri ga wanda ya yarda da shi, ya jira faɗuwar wanda ya tsana. Aikin mai tsara labari shi ne ya juya wannan hukunci. Yakan nuna maraicin mugun, ko wulaƙancin da ya sha, ko ya ajiye wani wanda ya fi shi mugunta a gefensa. Mafi ƙarfi duka shi ne daɗewa tare da shi. Wanda ka gani yana kuka shi kaɗai a ɗaki, da wuya ka so a kashe shi.

A Legas wannan na da nasa ɗanɗano. Fim ɗin Living in Bondage na 1992, wanda ake ɗauka mafarin kasuwar bidiyo ta Nollywood, labarin Andy ne, wanda talauci da kwaɗayi suka kai shi ga sadaukar da matarsa don tsafin kuɗi. Laifinsa ba ya da mafaka, amma matsin da ya tura shi sananne ne ga duk wanda ya zo birnin neman abinci. A majalisun Hausawan Agege da Idi-Araba da Mile 12, inda matasa kan haɗa kai su uku ko huɗu a kan waya guda suna kallon fim ɗin da aka tura masu, irin wannan hali kan raba kan 'yan kallo. Wani ya ce, "Allah ya ƙara!" Wani ya ce, "Malam, ba ka san abin da ya ci shi ba." Dukansu ba su halatta laifin ba, kuma nan ne masu zargin 'yan kallo da son ɓarna ke kuskure: fahimtar dalili daban, yarda da aiki daban.

A Kannywood, rawar mugunta ta fi faɗawa kan kishiya da uwar miji da mai bin boka. Kishiya ce aka fi zalunta, don sau da yawa akan nuna makircinta ba tare da an nuna rashin adalcin mijin da ya haifar da shi ba, alhali mata masu kallo sun san wannan ɓangaren sarai. Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, tana sa ido kan tarbiyya a finafinai, kuma al'adar masana'antar ita ce mugu ya ƙare da nadama ko hukunci kafin a rufe labari.