Ba Duk Sinadarin Wiwi Ke Bugarwa Ba

Da zarar an ambaci wiwi, tunanin mutane sai ya tafi ga jajayen idanu da surutan banza, suna ɗauka duk abin da ke cikin ganyen maye ne. Ba haka ba ne. Tsiron na ɗauke da sinadarai fiye da 100, amma babban mai bugarwar shi ne THC, wanda masanin kimiyya Raphael Mechoulam da abokin aikinsa suka ware a Isra'ila a 1964. Shi ke maƙalewa a wasu ƙofofin ƙwaƙwalwa da ake kira CB1, ya rikita tunani, ya sa zuciya bugu da sauri, ya tayar da yunwa.

CBD kuwa, wani sinadarin da ke cikin tsiron, ba ya bugarwa. A 2018 Amurka ta amince da Epidiolex, maganin da aka tace daga gare shi, don wasu nau'o'in farfaɗiya masu tsanani da ke kama yara tun suna ƙanana. Ko shi ma yana iya taɓa hanta, ya kuma yi karo da wasu magunguna.

Abin da ke damuna shi ne matashin da zai ji wannan ya ce ai magani yake sha. Ƙullin da ake sayarwa a lungu don THC ɗinsa ake nomansa, kuma a Najeriya haramun ne a doka.