Me ake nufi da hoton "idon kifi"?

Ka taɓa leƙawa ta ɗan gilashin nan da ake sanyawa a ƙofar ɗakin otal? Baƙon da ke waje sai ka ga hancinsa ya yi ƙato, bango ya lanƙwashe ta gefe biyu. To, irin wannan gilashi ne masu ɗaukar hoto ke ɗaura wa kyamara, suna ce masa idon kifi. Yana kwaso duk abin da ke gabansa har faɗin digiri 180, wato daga kafaɗarka ta dama zuwa ta hagu, ya cusa shi cikin hoto guda. Layin da ya ratsa ta tsakiya ne kaɗai ke tsayawa a miƙe, wanda ya yi gefe kuwa sai ya tanƙware kamar baka.

Robert Wood, wani masanin kimiyya ɗan Amurka, shi ya raɗa sunan a 1906. Ya bayyana yadda kifi daga ƙarƙashin ruwa yake hango duniyar sama a dunƙule cikin da'ira ɗaya, saboda haske yana karkacewa idan ya shiga ruwa. A 1924 Robin Hill na Ingila ya tsara irin gilashin don ɗaukar gajimare. Daga baya masana daji suka karɓe shi, suna ajiye kyamara a ƙasa tana kallon sama, su auna hasken ranar da ke ratsa ganye.

Abin da masana suka ɗauka don awo, shi masu fasaha suka gani suka yaba. Kwanta rigingine a tsakiyar darbejiyoyi, ka ɗaga kyamara. Za ka ga bishiyoyin duk sun sunkuyo tsakiya kamar 'yan gida sun zagaye akushi, rassa sun sarƙe, sama ta koma 'yar tafki mai shuɗi. Bishiya tana ɗaukar wannan lanƙwasa fiye da gini, don dama ba a miƙe Allah ya halicce ta ba. Ka dai lura da ƙafafunka, suna yawan faɗowa cikin hoton.

Sai kuma gyara a kwamfuta ko waya. Manhajar gyaran hoto ta Photoshop na da wani salon gyara da ke mai da hoto tamkar zanen fenti, manhajar Prisma da ta fito a 2016 ma aikinta ke nan: ganye ya narke ya zama shafe-shafen buroshi, launi ya ƙara kauri. A nan ne nake jin takaici, don da yawa suna zuba gyaran har bishiyar ta ɓace, ba ka gane kuka ce ko mangwaro. Ni idan zan yi, sama da ganyen can nesa nake shafa wa fentin, in bar ɓawon da ke kusa da kyamara yadda yake, da tsagunsa da tururuwar da ke hawa.