Buga kuɗi ba ya korar talauci

Ɗalibai da yawa sukan ce, me ya hana gwamnati ta buga kuɗi ta raba wa kowa, a huta? Amsar tana kasuwa. In buhun masara goma ne a rumfa, sai aka ninka kuɗin aljihun masu saye, ko tiya ɗaya ba ta ƙaru ba. Farashi kawai zai tashi.

Zimbabuwe ta gwada. Babban bankinta ya yi ta bugawa har ya fitar da takardar dalar Zimbabuwe tiriliyan 100 a 2009. Abin tausayi, albashin malamai da ajiyar tsofaffi suka narke, shaguna suka zama fayau. A shekarar ta 2009 ƙasar ta koma ciniki da dalar Amurka da kuɗin Afirka ta Kudu.