Halatta tabar wiwi: me ake jayayya a kai?

Da gaske akwai masu son a halatta wiwi a Najeriya?

Akwai. Marigayi Rotimi Akeredolu, tsohon gwamnan Ondo, ya yi ta kiran a bari a noma ta don haɗa magani da sayarwa ƙasashen waje, kuma an taɓa kai ƙudurin hakan gaban Majalisar Wakilai a nan Abuja, bai zama doka ba. Shugaban NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, Buba Marwa, yana cikin masu adawa da halatta shanta.

To me ake nufi da halattawar?

A nan ake yawan rikicewa, don abubuwa daban ake cusawa cikin kalma ɗaya. Urugwai a 2013 da Kanada a 2018 sun yarda baligi ya saya ya sha, gwamnati na sa ido a kan cinikin. Fotugal ba haka ta yi ba. Tun 2001 ta daina ɗaure wanda aka kama da ɗan abin da zai sha, sai a tura shi gaban wani kwamiti da kan haɗa shi da masu magani, amma dila har gobe kotu ce makomarsa. Lesoto da Maroko kuwa noma don magani suka ba lasisi.

Mece ce hujjar masu goyon baya?

Sun ce haramcin bai hana komai ba. Binciken da aka yi da haɗin gwiwar Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya nuna 'yan Najeriya miliyan 14.3 na ta'ammali da ƙwayoyi, miliyan 10.6 daga ciki wiwi suke sha, alhali NDLEA na aiki tun 1989. A ganinsu gara kuɗin ya shiga baitulmali da ya ƙare a aljihun dillalai.

Ba su da gaskiya ke nan?

Suna da rabinta. Abin da ke damuna shi ne tiramol da kodin. Waɗannan magunguna ne masu rajista, doka ta ce sai da takardar likita, amma suka cika unguwanni har sai da gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018. Wanda ya kasa tsare abin da ke cikin kemis, ta yaya zai tabbatar ɗan shekara 15 a unguwar Nyanya bai sayi wiwi ba? Ko jihar Oregon ta Amurka, da ta sassauta hukuncin wanda aka kama da ɗan abin da zai sha na manyan ƙwayoyi irin su hodar iblis a 2020, sai da ta mayar da hukuncin a 2024.

Addini fa?

Dokar ƙasa ba ta sauya hukuncin abin da ke gusar da hankali. Ana sayar da giya da lasisi a Abuja, hakan bai halatta ta ga Musulmi ba.

A ci gaba da ɗaure masu sha ke nan?

A'a, a nan na rabu da masu tsauri. Yaron da aka kama da ƙulli ɗaya aka kai shi gidan yarin Kuje, zai kwana da manyan masu laifi, ya fito ba aiki, ba mai ba shi 'yarsa, shaye-shayen ma yana nan. Iyaye da yawa suna ɓoye ɗansu ne don tsoron kamu da abin kunya, har sai ƙwaƙwalwa ta taɓu. A bi dila da doka, shi kuwa mai sha a kai shi asibiti tun yana jin magana.