Mata-maza: tambayoyin da iyaye ke jin nauyin yi wa likita

Me ke sa a haifi jariri a kasa gane namiji ne ko mace?

A makonni shida na farkon ciki, ɗan tayin namiji da na mace siffarsu ɗaya ce. Wajen mako na bakwai hanya ke rabuwa. Yawancin mata na ɗauke da ƙwayoyin gado XX, maza kuma XY. A jikin Y akwai wani ɓangare mai suna SRY, shi ke ba da umarnin a gina 'ya'yan maraina, su kuma su fitar da sinadarin da ke siffanta gaban namiji. Idan mataki ɗaya ya kauce, sai a haifi jariri da al'aurar da ke tsaka-tsaki, ko kuma abin da ke waje ya saɓa wa na ciki. Zancen da ake yi a gari na mutum mai cikakkun al'aura biyu, kowace na aiki, ba haka abin yake ba.

Akwai hatsari ga ran jaririn?

Akwai, kuma wannan ce tambayar da na fi so iyaye su fara yi kafin ta suna. Dalilin da aka fi samu shi ne ciwon da likitoci ke kira CAH, wanda ke shafar kusan jariri 1 cikin 15,000. Wata ƙaramar gaɓa da ke saman ƙoda ce ke kasa haɗa sinadaran da ke riƙe gishiri da ruwa a jiki, sai ta koma zubo sinadarin maza fiye da kima. Jaririya mai mahaifa da ƙwai lafiya lau sai a haife ta da gaba mai kama da na namiji.

Kusan uku cikin huɗu na masu nau'in mai tsanani suna zubar da gishiri ta fitsari. Ranar haihuwa ba a ganin alamar wannan zubar gishirin. Sai a mako na biyu ko na uku, bayan an watse daga taron suna, jariri ya ƙi kama nono, ya yi ta amai, maɗigarsa ta faɗa, jikinsa ya saki kamar tsumma. A lokacin wasu ke tafiya neman rubutu ko maganin ela, alhali awanni ne suka rage. Gwajin jini na nuna matsalar, kuma maganin da ake sha kullum na riƙe yaron ya girma. Duk jaririn da aka ce namiji ne amma ba a taɓa 'ya'yan marainansa ko ɗaya ba, a kai shi babban asibiti a kwanakin farko.

Laifin uwa ne, ko aikin aljanu?

Ko ɗaya. CAH gado ne daga uwa da uba tare, irin yadda sikila take: idan dukansu na ɗauke da shi, kowane ciki na da yiwuwar 1 cikin 4. Shi ya sa ya fi bayyana inda ake yawan auren zumunci. Ɗora wa matar laifi zalunci ne.

Ana iya girma ba a sani ba?

Sosai. Akwai yarinyar da ke da XY amma jikinta ba ya jin sinadarin maza kwata-kwata. Ana haifarta mace, ta yi ƙirjin 'yan mata, ta taso tana jin kanta mace, sai dai ba ta da mahaifa, don haka jinin al'ada ba zai zo ba. Sau da yawa sai an kai ga maganar aure ake ganewa. Yarinyar da ta cika shekara 15 ba ta ga al'ada ba, hoton ciki da gwajin jini take buƙata. Kai ta wurin wanzami a yi mata yankan gishiri ba ya buɗe komai, yana iya bar mata yoyon fitsari.

Ɗaya ne da ɗan daudu ko mai neman jinsinsa?

A'a. Masana halayyar ɗan Adam na raba abu uku: yadda aka gina jiki, yadda mutum ke jin kansa namiji ko mace, da wanda yake sha'awa. Mata-maza batun ginin jiki ne tun daga ciki.

Me malamai suka ce?

Fiƙihu ya san wannan halitta tuntuni, da sunan khunsa. Muhtasar na Shehu Khalil, da ake karantawa a zaurukanmu, da hukuncinsa ma ya rufe: a duba ta inda fitsari ke fita, da fitowar gemu, ko nono, ko haila, ko maniyyi. Idan ba a gane ba, ya gaji rabin kason namiji da rabin kason mace. Malaman da suka ware masa gado ba su ɗauke shi abin ɓoyewa a ƙuryar ɗaki ba.

To a yi tiyata nan da nan?

Idan fitsari ba ya fita ko rai na cikin hatsari, ba a jira. Amma tiyatar gyara kamanni kawai, likitoci sun daɗe suna muhawara a kanta, domin mutane da yawa da aka yi wa ita suna jarirai sun girma da tabo, da rashin jin daɗin saduwa, wasu kuma a jinsin da ba su ji nasu ba ne. Ƙasar Malta ta hana irin wannan tiyata ga yara ba da yardarsu ba a 2015, Jamus ta taƙaita ta a 2021. A ganina abin da aka yanke ba ya dawowa, don haka gaggawa ba ta da amfani. A yi gwajin ƙwayoyin gado da na sinadaran jiki, a zaɓi jinsin da za a rene shi a kai bisa sakamakon, a raɗa suna. Idan ya fara wayo, a gaya masa gaskiyar jikinsa daidai fahimtarsa, kada ya fara jin ta daga bakin yaran unguwa.